Gwaggonmu da Ba Ta Hawa Kabu-kabu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Gwaggo dai ta riga mu isa. Yayar mahaifina ce, ita ta goya shi, ita ta yi mini wankan jegon fari, kuma tun da aka kira ni a waya ina Damagaram aka ce in taho Matamaye, ban sami inda zan ajiye wannan baƙin cikin ba. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan. Tsorona kada nan da 'yan shekaru a riƙa cewa, "Wata tsohuwa ce mai yawo," a wuce wurin.

Mun ɗauka mun san danginmu. Ranar zaman makoki muka gane ba mu san ko rabin mutanen Gwaggo ba. Tabarmin gidanta suka ƙare, aka aro na maƙwabta, su ma suka ƙare, mata suka riƙa shimfiɗa mayafansu a ƙasa. Wasu daga bayan garka, can wajen lambuna, wasu daga unguwar tasha, wasu daga ƙauyukan hanyar Kance, har da waɗanda suka biyo amalanke daga wajen Dawce. Matar ɗan Gwaggo ta yi ta zungurina tana raɗa, "Wannan kuma dangin wa ce?" Ni ma in ce ban sani ba. Wadda duk aka tambaya sai ta share hawaye ta ce, "Ta zo mini barka." Ko, "Ta duba ni lokacin da na karye." A ƙofar gida kuma wani tsoho makaho ya kama hannun Baba ya ƙi saki, yana cewa shi da jin takunta yake sanin gari ya waye.

Akwai wata siririyar mata da ta zauna can gefen randa da yara biyu, kukanta ya fi na kowa. Ba mai ƙara ba ne, irin wanda kafaɗu ke yi ne. Da na kai mata ruwa na ce, "Baiwar Allah, yaya kuke da marigayiya?"

Ta ce, "Ba mu haɗa komai ba, Yaya. Ina cikin waɗanda aka maido daga Aljeriya. Na dawo ba ko zanin canji, 'yan unguwa suna leƙe ta katanga suna dariya, dangin mijina ko sannu. Ɗakina shi ne na ƙarshe a garin nan, bayansa sai gonaki. Rannan da safe sai na ji sallama. Tsohuwa ce da ƙullin kuka da sabulu, wai ta zo barka da dawowa. Na fashe da kuka ina godiya, sai ta ce, 'Ke, daina gode mini. Likita ne ya ce in riƙa tafiya, gidanki kuma ya fi na kowa nisa.'"

Na yi dariya hawaye na zuba, don wannan bakin Gwaggo ne ba ko tantama. Matar ta kalle ni ta ce, "Ko likitan ne ya aiko ta, ita kaɗai ta zo."

Da a nan maganar masu gaisuwa ta tsaya, da na gode Allah. Amma ba a rasa nono a ruga. Wata Hajiya cikin danginmu na nesa, wadda sai da aka nemo mata kujera don ƙasa ta yi mata nisa, ta gyara zama ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah sarki! Duk yawon nan da ta yi ta yi wai don lafiya, ga shi ajali bai duba ba. Mu da muke zaune ga mu nan dai."

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Ni kuwa bakin Gwaggo na gado, kowa ya sani. Na daure saboda gidan mutuwa ne, abin da kawai ya kuɓuce mini shi ne, "Hajiya, kujerar ta ishe ki, ko a ƙaro matashi?" Aka harare ni. Amma aikin gama ya gama, don Inna tana zaune kusa da ita, kuma ta ji.

Inna ita ce mahaifiyata. Shekarun baya tansiyo, wato hawan jini, ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. In kun ga ta zo gidan makokin nan da ƙafarta, to aikin Gwaggo ne, su biyu suke fita kowace safiya. Likita ya daɗe da gaya mana ba ɓoye-ɓoye: ƙafar nan tafiya ce ke riƙe da ita, ranar da Inna ta koma kwanciya za ta sandare, kuma ba lalle ta sake dawowa ba. To da yammacin ranar Inna ta koma gida, ta shiga ɗaki, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Da na ce ta tashi ta ɗan taka, sai ta ce, "Ita da take tafiyar ta tafi. Ni me zan je nema?"

Bari in koma baya, don a san wace ce muka rasa.

Gwaggo ba ta tashi da wannan ɗabi'a ba. Da, mace ce mai jiki, mai son zama a gindin turmi tana ba da umarni, ko gishiri za a sayo sai ta aiki wani. Bayan ta fita takabar mijinta jiki ya riƙa yi mata nauyi, ga ƙishirwa, ga jiri. Ɗanta ya kai ta Damagaram aka auna, aka ce ciwon sukari ne. Likitan ya ba ta magani ya ce, "Hajiya, rabin maganin yana kanti, rabin yana ƙafarki. Kullum ki yi tafiya har ki ji gumi."

Sai ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Washegari bayan asuba ta yafa mayafi ta miƙe hanyar Kance, ba kaya a ka, ba kowa a gaba. Ita da bakinta take ba mu labarin, tana yi tana tafa hannu. Ɗan kabu-kabu na farko ya tsaya: "Hajiya, ina zuwa? Hau in kai ki."

"Ba inda za ni."

"To lafiya?"

"Ita nake nema."

Ya tafi yana waiwaye. Na biyu ya tsaya, na uku ya tsaya. A garin nan an saba ganin jandarmomi da 'yan ƙwallo suna gudu da safe, amma tsohuwa da carbi ta je bakin gari ta juyo ba ta sayo ko albasa ba? Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa: mutuwar miji ta taɓa ta. Wata maƙwabciya ta kawo mata turaren hayaƙi, wani malami ya aiko da rubutu a kwalba, ɗanta ya bugo waya yana roƙonta don Allah ta rufa masa asiri. Gwaggo ta zauna a gida kwanaki, ranta a ɓace. Ta ce a lokacin ta sami uzurin da ya fi kowane daɗi, don ba ita ta ƙi ba, mutane ne suka hana.

Tana zaunen ne aka zo aka ce wata tsohuwar ƙawarta ba lafiya can bayan tasha. Ta tafi da ƙafa, ta dawo da ƙafa, jiƙe da gumi. Ba wanda ya tsayar da ita. Wanda duk ya tambaya ta ce dubiya za ta, sai ya ce Allah Ya ba da lada. Ta ce tana cire mayafi abin ya faɗo mata: a garin nan ƙafar da ba ta da wurin zuwa ita ce mahaukaciya, amma ba mai hana mace barka, ba mai hana ta dubiya, ba mai hana ta ta'aziyya. "To ai shi ke nan," in ji ta. "Dama zumunta a ƙafa take."

Daga nan ta ƙulla abota da ungozoma, da wanzami, da matar da ke wankan gawa. Da la'asar sai ta bi ta kansu ta ji wa ya haihu, wa ke kwance, wa ya rasu. In an yi haihuwa a maƙwabta an kuma yi a bayan garka, ta maƙwabta sai ta jira yamma, safiya ta mai nisa ce. Ba ta zuwa hannu rabbana, ko ɗan yajin jego ne ko ƙullin kuɓewa busasshiya sai ta riƙa. Kuma ba ta zama. Ta gaisa, ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, ta sha ruwa, ta miƙe. In aka ce ta tsaya a dama fura sai ta ce, "Ku sha mini, ni da sukari mun raba gari." In maigidan ya ce bari a kira mata kabu-kabu, nan ne za a ga ɓacin ranta. Har 'yan kabu-kabun suka haddace ta, in sun hango ta sai dai su ɗaga hannu su ce, "Gwaggo, a sauka lafiya!"

Wasu takalman 'yan ƙwallo take sawa, na jikanta da suka yi masa kaɗan. Zani, mayafi, carbi, sai ga fararen takalma a ƙasa. Mun yi mata dariya har mun gaji. Kafin ta kwanta takan ajiye su a bakin ƙofar ɗaki, ta ɗora mayafin a kai, yadda in ta fito alwala sai ta tsallake su. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "'Yar nan, abin da duk za ki tsaya shawara a kansa da asuba, ba za ki yi shi ba. Da asuba tabarma ta fi kowa iya magana. Ni tun jiya na gama shawarata."

Na ce, "Gwaggo, ke dai kina jin daɗin tafiyar nan."

Ta ce, "Wa ya gaya miki? Kullum sai mun yi faɗa da gwiwar nan. Ta ce yau dai a huta, in ce to mu je ƙofar gida kawai mu dawo. In mun kai ƙofar gida kuma kunya ta hana ta magana."

Ranar da jiki ya ƙi da gaske, ko aka tashi da ruwa, ko azumi ya yi tsanani, ba ta dagewa sai ta yi nisa. Ko gidan maƙwabta ne, a dai sa takalmi. Takan ce fashin farko rashin lafiya ne, na biyu kuma hali ne.

Sannu a hankali ta fara jan wasu. Mata ne sa'o'inta da waɗanda ba su kai ta ba, masu tansiyo, masu sukari, masu ciwon baya, kowace an gaya mata a gidan likita ta riƙa motsa jiki, kowace kuma da abin da za ta faɗa. Gwaggo ba ta wa'azi. Tsayawa take a tsakar gidanki da takalmanta, ta ƙi zama, har ki ji nauyi. Wata ta ce mata gwiwa, ta ce, "Ƙyauren da ba a buɗewa shi ke tsatsa, ɗauko mayafi." Wata ta ce ta ɗora sanwa, Gwaggo ta leƙa tukunyar ta janye itace biyu ta ce wake ne, ko garin Ɗan Barto suka je suka dawo bai nuna ba. Wadda ta fi ba mu dariya ita ce mai cewa maigida ba ya bari. Gwaggo ta fita ta same shi a zaure cikin abokansa, ta durƙusa har ƙasa kamar abin kirki ta ce, "Malam, matar wane ce ba lafiya, muna so mu je dubiya da iyalinka. Ko akwai hani a kai?" Malam ya yi ta shafa gemu, ya ce a'a, a'a, ai lada ne. Matar ta fito tana harararta, Gwaggo ko a jikinta.

Ba zan ce ba ta da laifi ba. Tana da kaifin baki, kuma in ta ga gaskiyarta ba ta duban fuskar kowa. Inna ta fi kowa sanin haka. Tun tana amarya Gwaggo ce mai ɗanɗana miya ta ce gishiri ya yi yawa, mai duba wanki ta ce bai fita ba. Shekara da shekaru tsakaninsu sai "Ina kwana, Yaya," "Lafiya lau." In Gwaggo ta shigo ta ƙofa, Inna takan sami aiki a madafa.

Shi ya sa da ciwon ya sami Inna, ba wanda ya zaci daga wajen Gwaggo taimako zai zo. Ina gida lokacin, na zo jinya. Baba ya sa aka shimfiɗa mata katifa, ya hana ta ɗaga ko moɗa. Abinci a kawo, ruwa a kawo, alwala a yi mata. So ne, ban musa ba. Mutum ne mai garkar rake, bai iya magana mai taushi ba, da hidima yake nuna ƙauna. Amma Inna kullum ƙara narkewa take a katifar nan.

Rannan da safe sai ga fararen takalma a bakin ƙofa. "Matar ƙanena, tashi. Randa za mu je ki sha ruwa da hannunki." Inna ta ce ba za ta iya ba. Gwaggo ta ce, "Na sani. Tashi dai." Daga ɗaki zuwa randa suka yi ta yi, sannan zuwa turmi, sannan zuwa zaure. Inna tana kuka tana cewa dama can Yaya ba ta ƙaunarta. Gwaggo ta ce, "Ƙi ni da kyau, amma a tsaye."

Ranar da ta ce za su fita waje, Baba ya tare zaure.

"Yaya, ba inda za ta."

"Kauce."

"Yaya, ina ganin girmanki, amma nan gidana ne. Matata ba za ta fita tana jan ƙafa, baki a karkace, 'yan tasha suna kallo ba."

"Au! Kai da ka yi mini fitsari a baya, yau ni kake gaya wa gidanka? To gaya mini, ita kake ji wa kunyar, ko kanka?"

"In ta faɗi fa?"

"In ta faɗi ta tashi. In ta kwanta, kai za ka tashe ta?"

Sai Baba ya ɗauko maganar da ba ta kamata ba. Ya ce, "Yawon da ya hana ki zaman gidanki, kada ki koya wa iyalina."

Ban taɓa ganin an rufe bakin Gwaggo ba sai ranar. Ta dube shi, ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta gyara mayafi ta fita. Na ce shi ke nan, ba za ta sake tako gidan nan ba. Washegari sai ga ta. Ta wuce Baba a zaure kamar ba ta ga mutum ba, ta shiga ta tashi Inna, suka yi ta zagaya tsakar gida. Haka suka cinye daminar nan, ya da ƙane ba mai ce wa wani ci kanka. Ƙarshe Inna ce da kanta, da bakinta da bai gama miƙewa ba, ta ce, "Alhaji, ina neman izini. Zan je barka." Baba ya ce Allah Ya kiyaye, ya hau mashin ya bi ta bayan gida don kada ya gani.

Ni a makon na koma ɗakina a Damagaram, sai labari nake ji a waya: yau sun kai kasuwa, yau sun kai bayan tasha. Matan nan biyu da ba sa haɗa ido suka zama ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Baba da Gwaggo suka koma gaisawa, yakan aika mata da kayan garka, takan karɓa ta ce a gaishe shi. Amma har ta koma ga Mahaliccinta bai buɗe baki ya ce, "Yaya, ke ce da gaskiya" ba.

Ita kuma Hajiya mai kujera, da ta san Gwaggo da ba ta faɗi abin da ta faɗa ba. Gwaggo ba ta taɓa cewa tana gudun mutuwa ba. Na ji ta da kunnena tana cewa, "Mutuwa ai ko a guje kake ta fi ka sauri. Ni kwanciya nake gudu. Ba na so a juya ni, a kwashe mini, 'ya'yan mutane su gaji da ni suna ɓoyewa." Kuma Allah Ya amsa mata. Ranar da za ta rasu sun je dubiya da Inna, ta rako ta har ƙofar gida, ta koma nata. Ta yi wanka da kanta, ta yi alwala da kanta, ta yi azahar. Ta ce wa matar ɗanta ƙirjinta ya yi nauyi, ta kishingiɗa a kan abin sallar. Kafin a samo mota ta cika. Ba wanda ya taɓa ɗaukar mata ko buta.

Duk wannan na gaya wa Inna. Na zauna a Matamaye bayan an watse, na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna mata maganar likita. A banza. Uzurorin nan da Gwaggo ta kashe ɗaya bayan ɗaya duk suka taso: yau rana, gobe jiri, jibi "bari dai a yi sadakar arba'in." Abokan tafiyarsu suka zo gaishe ta, na leƙa waje na ga biyu daga cikinsu a kan kabu-kabu suka zo, na koma madafa na yi kukana. Ina kallon ƙafar Inna tana ƙara nauyi, in za ta bayi sai ta bi bango. Ranar da ta ce in kawo mata fo cikin ɗaki, na san inda hanyar nan take zuwa.

Baba bai ce komai ba duk kwanakin nan. Ya rame, ya daina zuwa garka, yakan zauna a zaure shi kaɗai. Sai wata safiya ya daɗe bai dawo daga masallaci ba. Daga baya maƙwabcinmu ya ce a ƙofar wanzami ya gan shi, dattijo da shi, yana tambayar inda aka haihu.

Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar Inna, ina zaune a gefen katifa. Ya yi gyaran murya.

"Hajiya."

Ba ta juyo ba.

"An yi haihuwa a bayan garka, gidan mai amalanken da ke kwasar mini rake. Namiji ne. Akwai wata nan kusa da masallaci, amma waccan ta fi nisa."

Nan muryarsa ta karye. Ban taɓa jin haka daga bakin mahaifina ba, ko ranar jana'iza. Ya ce, "Ni namiji ne, ba na shiga wurin maijego. Yaya kuma ba ta nan. Shi ke nan gidanmu ba mai zuwa?"

Inna tana kallon bango ta ce, "Kai da ka tare zaure."

Ya ce, "Ni ne. Na kauce."

Na ɗauka ba za ta motsa ba. Can sai ta dafa katifa da hannun dama, ta yunƙura, ta koma, ta sake yunƙurawa ta zauna. Ta ce, "Miƙo mini mayafi. Ki duba ko akwai sauran yaji."

Muka fito. Baba bai bi ta bayan gida ba wannan karon, yana tsaye a ƙofa. Na kama hannunta na dama na rungume, mai lafiyar, don a ganina nan ne ƙarfinta yake. Ba mu yi nisa ba ta fizge.

"Sake ni. Koma hagu."

Na ce, "Inna, kada ki faɗi."

Ta ce, "Ita a hagu take tafiya, wajen da ya mutu. Kuma ba ta taɓa riƙe ni ba, ko sau ɗaya. Kafaɗarta kawai take kawowa kusa, in na karkata in same ta."

Ban san wannan ba. Ba wanda ya sani sai su biyu. Na zagaya na koma hagu, na saki hannuwana, muka ci gaba a hankali cikin rairayi. Wajen kwanar kasuwa ƙafar ta turje, ta karkato, kafaɗarta ta bugi damtsena. Sai ta tsaya. Tun ranar rasuwar ban ga hawayenta ba, sai a nan, a tsakiyar hanya, masu amalanke suna wucewa.

Ta ce, "Kin fi ta tsawo."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ja ƙafar ta ɗora gaba. Ni kuma na ɗan rusunar da kafaɗata, don ta same ni inda ta saba samunta, muka nufi bayan garka.

Ya Allah, baiwarKa ta taka zuwa ƙofofin bayinKa ba tare da an kira ta ba. Ga ta a taKa ƙofar. Ka yafe mata kaifin bakinta, Ka yalwata mata makwanci, Ka ce mata ta zauna ta huta.